Sammun da Na Cire daga Babur ɗin Isuhu

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da aka buɗe jirgin ƙarƙashin ƙasa a Alƙahira ba. Mutane suna tuna ta saboda jirgin, yadda magidanta suka riƙa kwasar iyalansu su je ƙarshen layi su dawo ba don suna da wurin zuwa ba. Ni kuwa ina tuna ta ne saboda a cikinta na yi wani aikin alheri, wanda har yau in ya faɗo mini a rai ina kan sallaya sai na rasa raka'ar da nake ciki.

Lokacin ina shekarar ƙarshe a karatun fiƙihu. Muna haya a unguwar Hada'iƙul Ma'adi, a hawan ƙasa, ni da wani ɗan Damagaram mai suna Isuhu. Shi ma karatu ya kawo shi da farko, sai nahawu ya ƙi shi, shi ma ya ƙi nahawu, ya kama aiki a garejin gyaran babura. Mutumin kirki ne, ba ya wasa da salla, sai dai hannunsa kullum baƙi ƙirin da man inji, har nakan janye littattafaina in na ga ya doso tabarma. Yana ce mini Malam, ina ce masa Usta, yadda Misirawa ke kiran gwanin sana'a.

Isuhu yana da wani babur da ya harhaɗa da hannunsa daga tarkacen gareji. Ba na zuwa cefane ba ne, na tsere ne. A falonmu yake kwana, lulluɓe da zanen gado mafi kyau da muke da shi (in na yi baƙo kuwa sai ya haƙura ya kwanta a gindin taya). Akwai wata ƙungiyar masu tseren babur da ke haɗuwa ranar Juma'a da safe a wata kwalta can bayan dalar Fir'auna, ta wajen hanyar Fayyum. Isuhu yana rukunin masu ƙaramin inji, shi kaɗai ne baƙo a cikinsu, kuma ya fara wuce 'ya'yan masu kuɗi yana barinsu da hayaƙi.

To, daga nan aka fara tsegumi. Wai babur ɗin bola ba zai yi irin wannan gudu ba sai in an ƙwaƙule silinda an sa fistin da ya fi ƙa'ida girma. Mai yaɗa maganar shi ne wani Magdi, ɗan Zamalik, unguwar masu kuɗi, wanda babur ɗinsa a cikin akwati aka kawo masa shi daga Turai. Abin yana cin Isuhu a rai ƙwarai. Yakan ce, “Malam, su ce ban iya ba, zan jure. Amma su ce mini macuci?” Ga shi tseren ƙarshen shekara ya matso, mai kofi, kuma wani dillalin kayan babura ya yi alkawarin wanda ya ci shi zai hau sabon babur ɗinsa a shekara mai zuwa. Isuhu ya sa ransa a kan kofin nan, don ya rufe bakin kowa.

Saboda tsegumin ne shugabannin ƙungiya suka tsaurara doka a wannan karon. Isuhu ya rantse ya yi mini bayanin dokar tiryan-tiryan, kuma ban ƙaryata shi ba. Abin da na sani shi ne duk sanda ya fara zancen inji ina haddar babin gado ne, sai in riƙa gyaɗa kai ina cewa “tamam, tamam,” alhali hankalina yana kan rabon kaka da 'yan'uwa.

Ranar Alhamis da safe ya kai babur wurin bincike, ni ina aji. Bayan azahar ya dawo da shi yana huci. Ya ce Magdi ya zo ya zagaye babur ɗin, ya tsuguna a gindin inji, ya shafa shi, ya yi dariya ya ce, “Gobe wannan ba inda zai kai ka.” Na ce ya yi haƙuri. Ya lulluɓe babur, ya ce zai koma gareji ya ƙarasa aikin wani mutum. Har ya kai ƙofa sai ya juyo ya ce, “Malam, ka sa mu a addu'a.”

Wannan magana ita ta kai mu ta baro.

Da na yi la'asar ban warware alwala ba, na je na yaye zanen, na fara karanta abin da ya sawwaƙa ina tofawa. Na tofa a fitila, na tofa a kan tanki, na tsuguna don in tofa a inji.

Can ƙarƙashin tanki, inda ba mai gani sai wanda ya durƙusa, ga wata siririyar waya an murɗe ta, an zura ta cikin noti biyu, an haɗa bakinta a cikin wani ɗan curin darma kamar ƙwayar gyaɗa. An danne darmar da wani zane. A kan kowane noti kuma ga ɗigon wani abu ja.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ya kamata mai karatu ya san gidan da na fito. Mahaifina malami ne a wani ƙauye a ƙasar Katsina, kuma shi ake kira in an tono wani abu a bakin ƙofa ko a ƙarƙashin murhu. Na sha ganin irin abin da ake kawo masa, kuma kullum kayan haɗin ba sa canzawa: ƙulli, ƙarfe, darma, rubutun da ba ya karantuwa, da jini. Ga su nan duka biyar a falona, a birnin malamai! Ga kuma wanda ya tsuguna a daidai wurin da safe ya faɗi abin da ya faɗa. Ko a gaban alƙali ban ga abin da ya rage ba.

Duk da haka ban yi gaggawa ba, don ni mutum ne mai bincike. Na ɗauko tabarau na duƙufa a kan zanen darmar. Ni da nake karanta ajamin tsofaffin da hannunsu ke rawa, wanda tawadarsa ta jiƙe ta bushe, na karanta wannan daga dama, ya ƙi. Na karanta daga hagu, ya ƙi. Na kwanta a ƙasa na dube shi ta ƙasa. Da'ira ce, da wasu karkatattun alamu da lambobi a ciki. Na ce shi ke nan, ɗalasimai ne, kuma na manya.

Za a ce me ya hana in jira Isuhu in tambaye shi? Na yi wannan tunanin. Sai na ga in na faɗa masa, tsoro zai shige shi, ya kasa barci, ga shi gobe tsere. Na ce gara in ɗauke masa nauyin a ɓoye, ladan ma ya fi yawa. (Allah Ya gani, har daɗi na ji da wannan dabara tawa.)

Na buɗe akwatin kayan aikinsa na ɗauko filaya. Na yi bisimilla na datse wayar. Kowane murɗi na warware sai na karanta Falaƙi da Nasi. Jan ɗigon ya yi taurin kai, sai da na sa wuƙa na kankare, na bi da kananzir, har notin suka riƙa ƙyalli. Na naɗe sammun a takarda, na riƙe da hannun hagu, na taka har bakin kogin Nilu, na wurga shi inda ruwa ya fi gudu, na juyo ban waiwaya ba, kamar yadda na ga mahaifina yana yi. A hanya na tsaya na sha ruwan rake kofi biyu, na farko don ƙishi, na biyu tukuici ga kaina.

Da Isuhu ya dawo bai ko yaye zanen ba, don ya gama duk abin da zai yi wa injin tun kafin bincike. Ya ce, “Malam, an yi addu'ar?” Na yi murmushi irin na masu sirri na ce, “An yi, Usta. Har da ƙari.”

Washegari aka ɗora babur a akori-kurar gareji, ni ma na bi su, karona na farko. Na sa farar jabba, na naɗa rawani, na ɗauki carbi. Ashe duk labarin da ake ba ni ban fahimci kome ba. Da aka ɗaga tuta, ƙarar da ta tashi sai da na ji ta a haƙorana. Mutane masu iyaye da 'yan'uwa suna shiga kwana sun kwanta da babur har gwiwa tana neman shafar kwalta! Na riƙa salati da ƙarfi, wani mai sayar da shayi a gefena yana ce mini, “Ma'alesh, yi haƙuri ya Shehi, ba a fara ba ma tukuna.”

Magdi ne a gaba tun farko, Isuhu yana manne da shi kamar an ɗaure su. A zagayen ƙarshe, a babbar kwanar da ke kusa da mu, Magdi ya ɗan buɗe ya bar gefen ciki, sai na ga Isuhu ya kutsa ta ciki ta wata 'yar kafa da ko akuya ba za ta bi ba. Ya fito a gaba. Ya ci! Na yi kabbara har rawanina ya goce. A zuciyata kuwa cewa nake, jama'a kuna ta tafa wa direba, ba ku san wanda ya yi aikin ba.

Daga nan aka tura baburan mutum uku na farko cikin wani fili da aka kewaye da igiya. Alƙalin tseren ya shigo, wani tsohon hafsan soja mai gashin baki, injiniya, kowa yana ce masa Kaftin. Ya tsuguna a gindin babur ɗin Isuhu. Ya miƙe. Ya sake tsugunawa, ya leƙa, ya sa yatsa ya lalube. Sannan ya dubi Isuhu ya ce, “Ina darmar?”

Isuhu ya ce, “Tana nan, ya Kaftin.” Ya durƙusa da hular kwanonsa a hannu. Ya leƙa, ya lalube, ba kome.

Magdi ya yi tsalle ya ce, “Ban gaya muku ba? Ya buɗe inji bayan bincike! Ya canza fistin! Har fentin ya goge, ku duba!” Jama'a suka yo ca a bakin igiya. Wasu na cewa a kore shi daga ƙungiya, wasu na kiran sunan da ya fi tsana, macuci. Isuhu yana rantsuwa da Larabci, yana komawa Faransanci, yana dawowa Hausa, ba mai sauraronsa.

Ni kuma ga abin da na fahimta: na ji ana ambaton darma da waya, na ga Magdi ya haukace don an neme su an rasa. Sai na ce a raina, Allahu Akbar, asirinsa ya tonu, har yana neman kayansa da bakinsa a bainar jama'a! Lokacin da gaskiya za ta yi magana ya yi.

Na tattare jabba na tsallake igiya. Na ɗaga hannu. Ban yi magana da Larabcin kasuwa ba, na ɗauko na kan mumbari, mai cikakken i'irabi.

Na ce, “Ya ku jama'a, ku saurara! Abin da kuke nema ni na gan shi, ni na datse shi da hannuna, na kankare jinin da ke kansa, na jefa shi a Nilu jiya bayan la'asar. Kuma kun ga ikon Allah, da aka cire shi ga wanda ya ci!” Sannan na juya na nuna Magdi da carbina na ce, “Kai kuma, ya kai saurayi, ka ji tsoron Allah. Sihiri yana cikin manyan zunubai masu halakarwa. Ƙofar tuba a buɗe take.”

Wurin ya yi tsit. Ban taɓa jin Misirawa da yawa haka sun yi shiru lokaci guda ba. Na ɗauka wa'azina ne ya ratsa su, har na fara shirin ƙara aya.

Kaftin ya dube ni sama da ƙasa. Sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da wani abu kamar filaya mai faɗin baki, da 'yan curin darma cike da tafinsa. Ya ɗauki guda ya matse, ya miƙo mini. Ga da'irar nan, ga karkatattun alamun nan, tambarin ƙungiyarsu ne. Ya kama hannun rigata a hankali, kamar mai jan makaho, ya kai ni gaban babur ɗin Magdi ya ce, “Tsuguna, ya Maulana.” Na tsuguna. Waya, darma, jan ɗigo. Ya kai ni gaban na ukun. Waya, darma, jan ɗigo.

Ya ce, “Ni ne bokan. Jiya na auna injin kowa na ɗaure shi, don kada wani ya buɗe kafin tsere.”

Mai shayin nan ne ya fara dariya. Daga shi sai wurin ya ɓarke gaba ɗaya. Na ga babban mutum da tumbinsa ya zauna a yashi yana dukan ƙasa. Wani yana maimaita huɗubata kalma-kalma yana nuna abokinsa da sifana. Magdi ya riƙe ciki yana cewa, “Na tuba, ya Shehi, wallahi na tuba!” Ni kuwa ina tsugune, ina roƙon Allah Ya buɗe yashin nan ko da daidai tsawona ne.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Isuhu ya matso, ya yi magana da Hausa, a hankali, wanda ya fi mini ciwo da a ce ya daka tsawa.

“Malam, kai ne?”

Na ce, “Usta, kai ka ce in sa ku a addu'a.”

Ya ce, “Addu'a na ce. Ban ce filaya ba.”

Da na samu na miƙe sai na koma ga abin da na iya. Na tsaya gaban Kaftin na kawo masa babin niyya, na kawo hukuncin wanda ya yi kuskure bisa jahilci, na ce ai ba a kama wani da laifin wani. Ya saurare ni har na gama, don mutum ne mai ladabi. Sannan ya ce, “Ya Maulana, niyyarka Allah ne zai auna ta. Ni fistin nake aunawa. Doka ta ce babur ɗin da ba hatimi ba shi da sakamako, ko mala'ika ne ya cire.”

Isuhu ya ce ya ji, amma yana da roƙo guda: a buɗe injin yanzu a gaban kowa. Aka shimfiɗa buhu, ya kwance shi da hannunsa, Kaftin ya sa ma'auni, ya duba, ya kira Magdi shi ma ya duba. Bai wuce ƙa'ida ko da gashi ɗaya ba. Kaftin ya ɗaga murya ya ce, “Wannan mutum bai cuci kowa ba, kuma duk wanda ya ƙara faɗa da ni zai yi.” Ya ba Isuhu hannu. Sannan ya ɗauki kofi ya miƙa wa Magdi, sabon babur ɗin dillali ma ya bi kofi.

Da za mu tafi Magdi ya zo ya ba Isuhu hannu, ya juyo gare ni ya ce, “Ya Shehi, baɗi ni ma ka yi mini addu'a. Amma daga gida.”

Kwana biyu bayan haka Isuhu ya kwashe babur da katifarsa ya koma kwana a gareji. In mun haɗu a masallaci zai amsa sallama, don ya san hukuncinta, amma ba ya ƙara ko harafi. Labari kuwa ya riga ya zagaye ɗalibai. Har na bar Misira sunana Malam Mai Filaya, kuma in na shiga ɗakin wani sai ya yi wuf ya rufe rediyonsa da hula.

Na ci jarrabawa, lokacin komawa gida ya zo. Amma haƙƙin mutumin nan ya hana ni sakat. Na karanta a littattafai cewa irin wannan ba ya faɗuwa da istigfari, sai mai shi ya yafe. Na je garejin na same shi a ƙarƙashin wani babur. Na tsaya a kansa na ce, “Usta, zan tafi gida. Kofi ba ni da shi, babur ba ni da shi. Ka faɗi abin da zan yi haƙƙinka ya sauka daga wuyana.”

Ya daɗe yana ɗaure noti. Can ya ce, “Ka taɓa hawa babur?”

Na ce, “Allah Ya kiyaye.”

Ya ce, “Zagaye ɗaya. A bayana. A hanyar da ka hana ni kofi.”

Na nemi ya canza mini da azumi, ya ƙi.

Juma'ar da ta biyo baya da sassafe ya aro wani babban babur a gareji muka je. Na ɗaure jabba a ƙugu, na rungume shi kamar mai shirin nutsewa. Ya ce, “Yalla, mu tafi?” Ban amsa ba ya saki. Abin da ya biyo baya ba zan iya tsara shi ba. Na san dai rawanina ya warware ya tafi Fayyum ba tare da ni ba. Na san na yi kalmar shahada da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Da muka iso babbar kwanar nan ya kwantar da mu, na buɗe ido ɗaya na ga kwalta a kusa da kunnena, na yafe wa duk wanda ya taɓa ɓata mini, har da Magdi.

Da ya tsaya na sauka. Na zube a yashi, kai ba rawani, takalmi ɗaya. Isuhu ya dube ni, sai ya fashe da dariyar da ya riƙe tun ranar tsere, har da hawaye. Da ya lafa ya zauna kusa da ni ya ce, “Kofin ya tafi, Malam, ba zai dawo ba. Amma tun ranar ba wanda ya ƙara ce mini macuci.” Ya miƙo baƙin hannunsa. “Khalas, shi ke nan. Na yafe, duniya da lahira.” Na kama hannun da hannu biyu, ban ko tuna da farar jabbata ba.

Ranar tafiyata shi ya ɗaure mini akwatin littattafai. Da ya gama sai ya fito da waya da ɗan curin darma da ya roƙo wurin Kaftin, ya zura a marfin ya matse. Ya ce, “Kada ka taɓa sai ka isa.”

Na isa ƙauyenmu lafiya, aka sauke akwati a zaure. Mahaifina, Allah Ya ji ƙansa, ya zo yana sa albarka, sai idonsa ya faɗa kan marfin. Ya ja da baya, ya yi a'uziyya, ya ce, “Wa ka ɓata wa rai a Misira? Maza a samo mini abin yanka waya!”

Na riƙe hannunsa na ce, “Baba, zauna tukuna in ba ka labari.”

Tun daga lokacin, duk wanda ya kawo mini wani abin tsoro da ya tsinta a gidansa, kafin in yi alwala sai na tambaye shi ko akwai makaniki a gidan. In kuma aka ce in sa mutum a addu'a, hannuwana sama nake ɗaga su, in bar su a can har in shafa.